Turancin da Na Koya Domin Jikata

Ku matso nan, ku aje abin da ke hannunku, ku ara mini kunne. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce, don ita tatsuniya in ta ƙare kowa tashi yake yi ya kaɗe zanensa. Wagga a kaina ta faru, a cikin garin Gusau, ina da furfura a ka.

Ni mutuniyar ƙauye ce, can bayan Tsafe. Ban taɓa zama a aji ba. Da zama ya gagara a ƙauyenmu, gona ta fi ƙarfin mai ita, muka kwaso abin da kai zai iya ɗauka muka shigo Gusau. Na samu ɗaki guda a wani gidan haya mai yawan jama'a, ina matse man gyaɗa ina soya ƙuli-ƙuli.

Haihuwa na yi ta da yawa, amma ɗaya Allah ya bar mini, namiji, kuma shi ne na fari, don haka sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. Yana saurayi ya bi motar albasa zuwa kudu, ya zauna a Fatakwal, ya auri 'yar can ƙasar, suka samu ɗiya mace. Kullum cewa yake zai kawo mini ita bayan Salla. Sallar ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Wata rana aka kira ni a waya aka ce zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin in nemo kuɗin mota aka ce an rufe shi. Ban ga gawarsa ba, ban san inda kabarinsa yake ba.

Da damina ta kama, makarantu suka yi dogon hutu, sai ga surukata a ƙofar ɗakina, riƙe da hannun yarinya. Surukar tana jin Hausar kasuwa, wadda ta tsinta a bakin mijinta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce kafin ya cika ya roƙe ta ta kai yarinyar wurin uwarsa.

"Mama, ga ta," in ji ta. "Ta yi hutu a nan. In ta ji daɗi, ta zauna, ta yi makaranta a Gusau. In ba ta ji daɗi ba, zan zo in ɗauka."

Ta kwana biyu ta koma bakin aikinta. Ta bar wa yarinyar 'yar ƙaramar waya.

Yarinyar ba ta kai shekara goma ba. Goshin ubanta ne, tafiyar ubanta ce, har yadda yake karkatar da kai in yana sauraro. Abin da ya rage mini a duniya ke nan, yana zaune a bakin tabarmata, kuma ba ya jin ko "zo" da Hausa. Turanci kaɗai ke bakinta. In na yi magana sai ta dubi bakina, in ta yi magana sai in dubi nata. Na tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, ta taɓa da yatsa ta bari. Na dama fura, ta shinshina ta aje. Yini take yi a bakin ƙofa, wayar tana cinyarta, tana kallon hanyar da uwarta ta bi. Ni kuwa ina ƙirga hutun a zuciyata kamar mai kallon hatsi yana ƙarewa a rumbu. Na san in aka koma makaranta tana a haka, na rasa ta.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan wata malamar firamare, 'yar tsohon gida a Bungudu, iyayenta duk ma'aikatan gwamnati. Ita ke sayen man gyaɗata. Na ɗauki kwalba guda na shiga wurinta bayan la'asar, na ce, "Malama, Turanci na zo ki koya mini."

Ta yi dariya har ta kama ciki, sannan ta dubi fuskata ta daina.

"Inna, da gaske kike?"

"Da gaske nake. Ba na karatu nake so ba. Wanda zan kira yarinya ta zo ta ci abinci."

Muka fara a ranar. Ba allo ba takarda, tunda ba abin da zan yi da su. Sai ta ɗaga abu ta faɗi sunansa, in maimaita. Ta ɗaga moɗa ta ce ruwa shi ne *wota*, ta ce in tattara leɓena kamar zan hura wuta sannan in sake su. Zo shi ne *kam*. Ci shi ne *iit*, a ja shi, kada a datse. Zauna *sit*, shi kuma a datse shi. Abinci *fuud*. Zafi *hot*. Abin da ya yi daɗi a baki *swiit*. Barci ne ya ba ni wahala. Ni ina cewa *silif*, ita tana girgiza kai.

"Inna, ba iska za ki saki a ƙarshe ba. Rufe leɓen gam, sannan ki buɗe, kamar za ki tofar da ƙwallon magarya."

"Mi ya sa su mutanen nan ba su iya faɗin abu a huce?"

"Haka su ma suke cewa in an ce su faɗi ƙuli-ƙuli."

Ina komawa ɗaki sai in zauna gaban kaskon suya ina ta juya kalmomin a baki. Matan gidan haya suna wucewa suna cewa, "Baturiya, ina kwana?" Ban kula su ba. Ƙwaƙwalwar tsufa kamar rariya take, ka zuba goma, biyu su tsaya. Abin da na kama da yamma sai in tashi da safe ya tafi, in koma in roƙi Malama ta sake.

Da na ji bakina ya ɗan faɗa, na dafa shinkafa da wake na zuba mai da yaji, na aje a tabarma. Yarinyar tana bakin ƙofa. Na ce, "*Kam. Kam iit.*"

Ta juyo a hankali. Ta dube ni, ta dubi bayana ko wani ne ya yi maganar. Na sake faɗa. Sai bakinta ya motsa, ta rufe shi da hannu, kafaɗunta suna rawa. Dariya take yi. Ta taso ta zauna, ta ci, ta ɗago ta ce wani abu mai tsawo wanda *swiit* kaɗai na kama a ciki. Na shiga bayan ɗaki na share idona da bakin zane.

Daga nan abu ya fara sauƙi. Takan nuna kaza ta faɗi sunanta da Turanci, in maimaita, ta gyara mini da yatsa a sama kamar malama. Nakan ce mata kaza, ta ce *kasa*. Ta fara zama kusa da ni in ina murza ƙuli, tana mulmula nata ƙanana masu kama da kashin awaki. Wata rana ta yi barci da kanta a cinyata, na ƙi motsawa har ƙafata ta mutu. Uwarta ta kira, na ji muryar yarinyar tana hawa tana sauka da daɗi. Na ce a raina, Allah, ka tsayar da ita a haka.

Sai ƙanena ya zo daga Rawayya, ta wajen Bungudu, ya kawo mini gyaɗa. Shi ma tsoho ne, jikoki fal gidansa. Ya zauna yana kallonmu. Na zuba wa yarinyar ruwa na ce *wota*, ta ce *tank yu*, na ce *gud*. Ya yi tsaki.

"Yaya, wagga jikarki ce ko baƙuwar gwamna?"

"Jikata ce mana."

"To ban gani ba. Tun da na zauna ban ji kin ce mata mummuna ba. Ban ji ta ce miki tsohuwa mai wawulo ba. Kuna ta ladabi kamar surukai. Yaron da ba a tsokana ai bai san gidansu ba ne."

Maganar ta zauna mini a ƙirji, domin gaskiya ya faɗa. Ku da kuka tashi a hannun kaka kun san abin da nake nufi. Uwa tana kunyar ɗanta, uba yana ɗaure masa fuska, amma kaka ita ce wurin wasa. Tawa kakar ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai mai ƙaton kai. Takan ɓoye ƙuli ƙarƙashin faifai inda ta san idona zai kai, in na ɗauka ta kama hannuna ta tara gida da kururuwar ta kama ɓarauniya, ni kuma in ce ai kayan tsohuwa ba su da mai su, mu yi ta kokawa har ta ƙara mini wani. In ta ce in tattara in koma gidanmu ba ta so na, a ranar ne nake kwana a bayanta. Ban san wata hanyar da kaka ke nuna wa jika shi nata ne ba. Na ga ashe duk kwanakin nan baƙunta nake wa ɗiyar ɗana, kuma baƙo ranar tafiya yake jira.

Da la'asar na shiga wurin Malama na ce yau na tsokana nake so.

Ta tafa hannu. "Yanzu kika zo, Inna. Ni ma har na ce yaushe za ki fara."

Ita ma a hannun kaka ta tashi. Babu wanda ya tsaya tunani a cikinmu. Ta ba ni su ɗaya bayan ɗaya muna dariya. Mummuna *ogli*. Ragguwa *leizi*. Ƙaton kai *big hed*. Tafi ki ba ni wuri *go awei*. Ba na son ki, wannan ya yi tsawo, ta yanka mini shi gutsi-gutsi: *ai, dont, wont, yu*. Ɓarauniya ce ta fi wuya, domin farkonta ba *ta* ba ne ba *sa* ba ne.

"Sa kan harshe tsakanin haƙora, ki hura iska a hankali."

"Waɗanne haƙoran, Malama?"

"Waɗanda suka rage."

Na yi ta hurawa har miyau yana fita. Na kai kwanaki ina gwada ta a gaban kasko, har ranar da Malama ta ce ko a rediyo sai haka. Ban taɓa koyon wani abu da kyau kamar yadda na koyi kalmar nan ba.

Na fara da safe. Yarinyar ta fito tana miƙa, na dube ta sama da ƙasa na taɓe baki na ce, "*Ogli. Big hed.*" Matan gida suka kwashe da dariya, wata ta ce, "Yau kaka ta tashi." Yarinyar ta tsaya. Ta taɓa kanta. Ta yi wani ɗan murmushi wanda bai kai ido ba. Na ce a raina, tana neman abin da za ta rama da shi ne, bari in ba ta lokaci.

Ba ta rama ba. Kashegari ta ɗauki tsintsiya tun ban tashi ba ta share ɗaki da tsakar gida. Na ce *leizi*. Ta sake sharewa.

Sai na shirya mata wasan faifai irin na kakata. Na soya ƙuli mai sukari irin wanda take so, na sa dabino a kai, na rufe rabi na bar rabi a buɗe, na aje a inda take zama. Na yi kamar na fita. Ina leƙe ta ta labule. Ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya. Na faɗo ɗakin na kama wuyan hannunta na ɗaga shi sama, na ja ta tsakar gida, na sa harshe tsakanin haƙora, na faɗi kalmar da ƙarfi yadda aka koya mini. Na faɗa na sake faɗa. Yaran gida suka taru suna tsalle suna maimaitawa, matan suna tafi. Na ƙara da, "*Go awei. Ai dont wont yu.*"

Hannunta ya yi sanyi a cikin nawa. Ta buɗe yatsunta ƙulin ya faɗi ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi mutanen da suka kewaye ta ɗaya bayan ɗaya, sai na ga fitsari yana bin ƙafarta.

Dariyar ta mutu. Na sake ta, ta shige ɗaki ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Na kwaso ƙulin duka na aje a gabanta, na ce *iit*, na ce *swiit*, na ce *gud*. Na zazzage duk abin da ke bakina, har *wota*, har *hot*. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke nufin wasa nake yi. Na ruga gidan Malama, aka ce ta tafi Bungudu jinyar uwarta. Na tari wani ɗan makaranta a hanya, ya ce shi Turancinsa bai kai nan ba. Na dawo na zauna a bakin ƙofa, ina jin yarinyar tana magana ƙasa-ƙasa a waya.

Ta daina ci. Ta cusa kayanta a jaka ta sa jakar ƙarƙashin kanta. In na miƙa hannu sai ta matsa jikin bango.

Bayan kwana biyu uwar ta iso da hantsi, ƙurar hanya a gashin idonta. Ba ta zauna ba. Yarinyar ta ruga ta shige cikin zanenta.

"Mama," in ji surukata, "kin ce mata mummuna?"

"Na ce."

"Kin ce mata ɓarauniya, a gaban mutane? Kin ce ba ki son ta?"

"Na ce, ɗiyata, amma tsaya ki ji."

Hausarta ba ta kai ta ɗauki abin da zan faɗa ba, ni kuma Turancina kun ji iyakarsa. Allah ya sa Malama ta dawo a safiyar. Aka kira ta, ta shigo da mayafi a hannu. Da ta ji abin da ya faru sai ta dafa bango. Ta zauna ta yi wa surukata bayani da Turanci, doguwar magana, tana nuna ni, tana nuna kanta, tana nuna faifan. Na ga fuskar surukar tana saki kaɗan-kaɗan. Ta zauna a bakin gado. Ta amsa, Malama tana juya mini.

"Ta ce ta gane, Inna. Ta ce ba ta riƙe ki da mugunta ba. Amma ta ce a inda suke, in aka kama hannun mutum aka kira wannan kalma a cikin taro, duka ke biyo baya. Yarinyar ta taɓa gani a kasuwa da idonta. Ta ɗauka abin da za a yi mata ke nan."

Na ce, "Ki gaya wa yarinyar. Ki gaya mata haka kakata ta yi mini. Ki gaya mata don ita na soya ƙulin."

Malama ta durƙusa ta gaya mata. Yarinyar tana saurare da kanta a karkace. Da aka gama ta yi tambaya guda, gajera.

"Mi ta ce?"

Malama ta kau da kai.

"Mi ta ce, Malama?"

"Ta ce, in kina son ta, don me ba ki koyi yadda ake faɗin haka ba?"

A wurinmu ba a faɗin wannan. Ban taɓa gaya wa ubanta ba har ya koma ga Allah, kakata ba ta taɓa gaya mini ba. Bai zo mini a rai cewa abu ne da ake nema wa kalma ba.

Na kama hannun Malama na ce, "Ba ni shi yanzu. Ba ni duk wanda ya dace." Ta ba ni na ban haƙuri, *sori*, ta ba ni ɗayan, wanda yarinyar ta tambaya. Na durƙusa a gaban jikata, gwiwoyina suna ƙara, na faɗa mata su. Ban san yadda suka fito ba, domin kuka ya riga ya cika mini baki. Ta amsa da ladabi, irin amsar da ake ba babba a hanya. Hannunta bai saki zanen uwarta ba.

Uwar ta tambaye ta ko za ta zauna. Wannan ban nemi a juya mini ba, na ga kan ya girgiza.

Na roƙi surukata ta bar mini ita ko zuwa ƙarshen hutu. Na ce zan rufe bakina, ba zan ƙara faɗin komai ba sai abin da Malama ta yarda. Na ce ta zauna ita ma, ɗakin zai ɗauke mu. Ta riƙe hannuwana biyu tana hawaye, ta ce, "Mama, yarinya ba ta barci. Ubanta ya mutu, ba ta warke ba. Ba zan iya ba."

Na bi su har tasha. Na tsaya jikin motar ina kallon ta ta gilashi har aka cika, aka ɗaure kaya, yaron mota ya buga ƙofa. Ta dube ni sau ɗaya. Motar ta hau titin da ya bi ta Tsafe ta wuce.

Ƙanena na Rawayya bai ƙara damina biyu ba ya rasu. Har ya mutu yana cewa yarinyar ce ba ta da wasa. Malama ta yi ritaya ta koma Bungudu kusa da 'yan'uwanta, takan aiko a gaishe ni, amma ba mu sake zama mun yi maganar ba. Surukata ta yi aure a can, ta ƙara haihuwa. Ba ta yanke ni ba, duk Salla takan kira ta tambayi jikina. Yarinyar an ce ta yi tsawo, tana babbar makaranta, tana son ta zama mai aikin jinya. In uwar ta miƙa mata wayar takan gaishe ni, in amsa, sai mu yi shiru har kuɗin wayar ya ƙare. Ba ta sake zuwa Gusau ba. Ni kuwa idona ya yi rauni, na bar suya, ina nan a ɗakin nan nawa.